Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar Sana'a a Saudiyya a Zamanin da Kamfanoni Ke Tashi Suna Faɗuwa

Matasanmu da dama a Makka da Jidda da Madina, maza da mata, sun rungumi sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo, wasu a wuraren biki da suna, wasu kuma suna ɗaukar kayan shaguna, irin su turare da abaya da dabino, domin a tallata su a Instagram da Snapchat. Yawancinsu da waya suke farawa, idan aiki ya kankama kuma sai a yi watanni ana tara riyal, sannan a nufi shago da tambaya guda a baki: Canon zan saya, ko Nikon, ko Sony? Kyamarorin da waɗannan kamfanoni suke ƙerawa a yau duk suna fitar da hoto mai kyau, har mai biki ba zai iya bambance na wannan da na waccan ba. Inda asara take shigowa shi ne mutum ya zuba kuɗinsa a layin da kamfani ya riga ya juya wa baya, domin a cikin shekara ashirin da suka wuce wannan kasuwa ta kifar da manya ta ɗaga waɗanda ba a zata ba, kuma duk wanda ya faɗi ya bar masu sana'a riƙe da kayan da ba su da magaji.

Abu na farko da ya kamata ka fahimta shi ne mahaɗi, wato zoben ƙarfen nan da ke gaban kyamara inda ake murɗa lens, gilashin kyamara ke nan, ya zauna. Kowane kamfani da nasa. Canon tana da tsohon EF da sabon RF, Nikon tana da tsohon F da sabon Z, Sony tana da E, Fujifilm tana da X, su kuma Leica da Panasonic da Sigma sun haɗu a kan L tun 2018. Lens ɗin wannan gida ba ya zama a na wancan sai da adafta, wani lokaci ma ko da adafta ba ya yiwuwa. Gangar jikin kyamara takan tsufa bayan wasu shekaru, a fito da wadda ta fi ta, amma lens mai kyau yana iya yi maka aiki shekara ashirin, kuma a hankali kuɗin da za ka zuba a gilasai da filasha da batura zai zarce na kyamarar kanta. Sayen kyamara ya yi kama da aure, wanda idan ka ɗauki amarya ka ɗauki danginta gaba ɗaya, saboda haka asalin gidan ake fara bincika kafin a dubi kyau.

Dalilin da ya sa wannan bincike ya zama dole yana cikin alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA. A shekarar 2010 kamfanonin da ke cikinta sun fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121, amma a 2023 abin da suka fitar bai kai miliyan 8 ba. Waya ce ta cinye kasuwar. Tun da iPhone ta fito a 2007 sauran wayoyi suka biyo baya, ƙaramar kyamarar aljihu wadda alhazai suke ratayawa a wuya, wadda kuma ita ce ke kawo wa kamfanoni cinikin yau da kullum, ta rasa masu saye. Kamfanin da kasuwarsa ta ragu haka ba zai iya ciyar da layuka uku ko huɗu a lokaci guda ba, dole ya yanke wasu ya tattara ƙarfinsa a kan kaya masu tsada na ƙwararru. Shi ya sa kyamarar masu farawa ta yi ƙaranci, farashinta kuma ya hau.

Yana da kyau ka san yadda waɗanda suka fita suka fita, domin makomar masu kayansu ba iri ɗaya ba ce. Kodak, wadda injiniyanta Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ta riƙe cinikin fim har zamani ya wuce ta, ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a Janairun 2012, kuma kyamarorin da kake gani a shaguna yau da sunanta wani kamfani ne daban ya karɓi izinin amfani da sunan. Konica Minolta ta bar sana'ar a 2006, amma ta miƙa wa Sony fasaharta da mahaɗinta, sai masu gilasan Minolta suka sami wanda ya gaje su na tsawon shekaru. Olympus ta sayar da sashen kyamararta ga wani kamfanin zuba jari na Japan, cinikin ya kammala a farkon 2021, yanzu kayan suna fitowa da sunan OM System, kuma abin da ya rufa wa masu Olympus asiri shi ne mahaɗinsu na tarayya ne da Panasonic tun 2008, ko da ɗaya ya gaza akwai ɗaya. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu Samsung. A 2014 kamfanin ya fito da NX1, kyamarar da ta girgiza manya saboda ƙarfinta a bidiyo, bayan ɗan lokaci kaɗan kuma ya janye daga kasuwar a hankali, babu magaji, babu wani kamfanin da ya ɗauki mahaɗin. Girman kamfani da yawan kuɗinsa ba su hana shi barin kyamara ba, tunda ribarsa tana cikin waya da talabijin.

Har manyan ukun da suka rage ma sun binne layuka da hannunsu, kuma a nan ne na fi jin tsoro ga 'yan'uwanmu, domin waɗannan kayan ne suka cika kasuwar hannu da farashi mai jan rai. Nikon ta fito da layin Nikon 1 a 2011 ta rufe shi a 2018. Sony ta bar mahaɗin A da ta gada daga Minolta ya mutu bayan E ya kafu. Canon ta fara EOS M a 2012 ta daina a 2023, alhali M50 tana cikin kyamarorin da masu bidiyon YouTube suka fi saye. Idan ka ga M50 mai tsafta a manhajar Haraj ko a kasuwar Sawarikh ta Jidda, ka sani kyamara ce mai kyau da za ta yi maka aiki, amma gilasanta na EF-M ba sa hawa sababbin kyamarorin Canon na R masu mahaɗin RF, kuma babu adaftar da za ta haɗa su. Wanda ya saye ta da sanin haka, a farashin da zai mayar cikin 'yan ayyuka, bai yi kuskure ba. Wanda ya saye ta yana shirin tara mata gilasai yana gina sana'a a kanta, shi ne zai yi nadama.

Kafin ka fita daga gida, ka ɗauki wayarka ka bincika abubuwa kaɗan game da mahaɗin da kake so. Ka duba shekarar da kamfanin ya fitar da sabon lens na ƙarshe a kansa, domin kamfani yakan daina yi wa layi gilasai tun kafin ya sanar da mutuwarsa, wani lokaci ma ba ya sanarwa sam. Idan shekara uku ta wuce babu sabo, alhali yana ta zuba sababbi a wani mahaɗin nasa, ka riga ka sami amsa. Ka duba kuma ko Sigma da Tamron da Viltrox suna yi wa mahaɗin gilasai, saboda su 'yan kasuwa ne, ba sa kashe kuɗi a kan abin da suka hango ƙarshensa. Sannan ka tambayi wakilin kamfanin a garinku ko har yanzu yana karɓar wannan samfurin domin gyara, kuma kayan gyaran suna nan a ƙasa ko sai an aika waje. Maganar mai shago ita kaɗai ba ta isa ba, musamman idan kayan sun daɗe a kan kantarsa.

To, yaya gidajen suke a yau? Sony ce ta fi kowa cin ribar sauyin. Ta kafa mahaɗin E a 2010, ta fito da A7 a 2013, kyamara marar madubi a cikinta mai babbar sensa (farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto), a lokacin da Canon da Nikon suke kare cinikin kyamarorinsu masu madubi a ciki, wato DSLR, suna gudun kada sabo ya kashe musu tsoho. Sai a 2018 suka shigo da gaske, Nikon da Z6 da Z7, Canon da EOS R, a shekarar da Sony ta riga ta kai A7 III, wadda ke bin idon mutum da kanta kuma take da gurbin memori biyu. A 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da masu ɗaukar hotonsa kan kayan Sony, a shekarar kuma marasa madubi suka zarce masu madubi a yawan fitarwa. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne Sony ta bar ƙofa a buɗe ga sauran masu ƙera gilasai, kuma kayanta na hannu sun taru a kasuwa shekara da shekaru. Ga mai farawa daga tushe da kuɗi daidai gwargwado, wanda bidiyo yake cikin aikinsa, a ganina nan ne riyal ɗinsa zai fi tafiya da nisa.

Canon dai har yanzu ita ce ta fi kowa sayarwa, kuma shagunan da ke da kayanta da masu gyaranta sun fi yawa a mafi yawan wurare. Matsalarta ita ce ta tsare ƙofar RF, ba ta bar wasu su yi mata gilasai masu saita kansu ba, sai a 2024 ta ba Sigma da Tamron izini, shi ma ta fara da masu ƙaramar sensa. Abin da ya sassauta wannan shi ne adaftarta ta EF zuwa R tana aiki sosai, kuma gilasan EF suna nan jibge tun 1987. Nikon kuwa ta sha wuya, ta rufe masana'antarta ta ƙananan kyamarori a Sin a 2017, ta mayar da ƙera kyamarori Tailan, har wasu suka fara yi mata ta'aziyya, sai ga Z9 a 2021 ta farfaɗo da sunanta, a 2024 kuma ta sayi RED, kamfanin kyamarar fina-finai na Amurka, abin da ke nuna inda ta dosa. Fujifilm, wadda ta tsira daga abin da ya ci Kodak ta hanyar shiga harkar magunguna da kayan asibiti da na kwalliya, tana da launi mai daɗin kallo da jiki marar nauyi. Pentax, wadda ke hannun Ricoh tun 2011, ta tsaya a kan masu madubi, amma ba zan ba mai neman abinci da kyamara a Jidda shawarar ya bi ta ba, saboda wahalar samun kayanta da mai saye idan ya tashi sayarwa.

Akwai wata riba da wannan gasa ta jefo wa talaka, kuma ina so a lura da ita. Ƙwararru suna ta komawa marasa madubi suna zubar da tsofaffin kayansu, sai kyamarorin da a da sai mai hali suke saye suka sauko. Canon 5D Mark III da 6D na 2012, da 5D Mark IV ta 2016, da Nikon D750 ta 2014 da D850 ta 2017, duk har gobe suna iya ɗaukar biki tun daga kamu har zuwa kai amarya. Layin masu madubi ya tsaya, manyansu na ƙarshe, 1D X Mark III da D6, sun fito ne a 2020, amma bambancinsa da EOS M shi ne yana da gada zuwa gaba. Idan hoto ne ainihin aikinka, ka sayi ɗaya daga cikin waɗannan da rahusa, ka zuba ragowar kuɗin a lens na kirki, ranar da ka koma marar madubi sai ka tafi da gilasanka ta adafta. Mai bin Nikon ya kula da abu guda: adaftar FTZ, mai haɗa gilasan F da kyamarorin Z, ba ta iya saita tsofaffin gilasan AF-D da kanta, sai da hannu, saboda haka ya nemi masu alamar AF-S ko AF-P. Wanda kuma yake shirin komawa Kano ko Yamai ko Damagaram da kayansa, ya fara tambayar masu gyara a can irin kyamarar da suka saba buɗewa da wadda suke da kayanta.

Ke kuma 'yar'uwa da kike aiki a ɓangaren mata na zauren biki, inda namiji ba ya shiga kuma babu wanda zai karɓe ki idan kaya suka ba da matsala, buƙatarki ta ɗan bambanta. Za ki tsaya tun bayan isha har kusan asuba, saboda haka nauyi abin dubawa ne, kuma a nan marar madubi ta fi. Hasken zaure yakan yi rauni ya kuma riƙa sauya launi, don haka lens mai faɗin ido, wato mai shigar da haske da yawa, kamar 35mm ko 50mm mai f/1.8, zai fi miki amfani a kan wanda ake haɗowa da kyamara a kwali, kuma yana cikin mafi arha a kowane gida. Ki nace a kan kyamara mai gurbin memori biyu, ki saita ta ta riƙa rubuta kowane hoto a duka biyun, domin daren amarya ba a maimaita shi. EOS R da Z6 na farko gurbi ɗaya suke da shi, kuma sukar da suka sha a kan haka ce ta sa waɗanda suka biyo bayansu, irin su R6 da Z6 II, suka zo da biyu.

Idan ta hannu za ka saya, ku haɗu da rana, ka je da memorinka. Ka ɗauki hoto ka bincika ƙidayar hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ka gwada da adadin da kamfanin ya ce labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe duk sanda aka ɗauki hoto, zai iya jurewa. Ka matse idon lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, ka faɗaɗa hoton ka ga ko akwai tabo. Ƙura ana goge ta, amma karce a jikin sensa ba ya gyaruwa da arha. Ka cire lens ka haska shi da fitilar waya ta gaba da baya, ka nemi zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, domin damshin Jidda yana haifar da fumfuna a gilashi, kuma idan ta ci jikinsa ta ci ke nan. Ka kunna bidiyo ka bar shi yana tafiya kamar minti ashirin ka ga ko za ta yi zafi ta mutu. Wannan gwaji ya fi muhimmanci a ƙasar nan fiye da wurare da yawa, saboda mafi yawan kamfanoni sun rubuta cewa kayansu suna aiki ne tsakanin digiri 0 da 40, alhali zafin Makka yana wuce haka a bazara, kuma ko Canon R5 da ta fito a 2020 ta sha ƙorafin zafi a wajen bidiyo. Ka nemi faturar asali, ka gwada lambar jikin kyamarar da ta takarda, wanda ya ƙi nuna maka kuma ka bar masa kayansa.

Ga mai sayen sabuwa, maganar garanti ce kan gaba. Akwai kayan da suka shigo ta hannun wakilin kamfani, akwai kuma waɗanda 'yan kasuwa suka shigo da su daga wata ƙasa, masu ɗan rahusa, waɗanda wakili zai iya ƙin gyarawa kyauta. A Jarir ko eXtra abin a bayyane yake, amma a Amazon da Noon sai ka duba sunan ainihin mai sayarwa, ka kuma tabbatar farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020. Kada ka yi gaggawar sayen samfurin da ya fito jiya. Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 ta yi ƙaranci saboda rububin masu so a TikTok, har aka riƙa sayar da ita sama da farashinta, alhali wanda ya sayi samfurin da ya shekara biyu a kasuwa yakan same shi an gyara kurakuransa an kuma rage kuɗinsa, musamman a rangwamen watan Nuwamba da na Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba. Ka kuma sani kasuwar tana rataye ne a kan masana'antu kaɗan. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta tsayar da masana'antun Nikon da Sony, girgizar ƙasar Kumamoto a Japan ta 2016 ta taɓa masana'antar sensa ta Sony wadda wasu kamfanonin ma suke saye a wurinta, a ƙarshen 2021 kuma ƙarancin ƙwayoyin lantarki, wato chip, ya sa Sony ta dakatar da karɓar odar wasu samfura. Saboda haka idan aikin Hajji ko na bukukuwan hutu yana gabanka, ka tanadi abin da kake buƙata tun da sauran lokaci.

Ƙananan kaya ma suna ɗaure mutum ga gida guda. Filashar Godox, wadda ta zama ruwan dare saboda arharta, kowace an yi ta ne domin kamfani ɗaya, kuma harafin ƙarshen sunanta ne ke nunawa: C ta Canon, N ta Nikon, S ta Sony. A wajen batir kuma ka fifita kyamarar da ke cin dangin da ya daɗe ya yaɗu, kamar LP-E6 na Canon da ya fara tun 2008, ko EN-EL15 na Nikon tun 2010, ko NP-FZ100 na Sony tun 2017, domin su ne za ka samu a ko'ina, kuma su ne za su bi ka idan ka sauya gangar jiki. Idan za ka hau jirgi zuwa gida, baturan suna tafiya ne a jakar hannu.

Idan kuwa ka riga ka mallaki kayan layin da aka rufe, kada ka firgita ka zubar da su a rana ɗaya, domin sanarwar kamfani ba ta hana kyamara ɗaukar hoto. Ka daina ƙara mata sababbin gilasai masu tsada, ka sayi batura biyu na asali tun suna samuwa, ka ci gaba da aiki da ita kana ware wani kaso na kowane aiki domin gidan da za ka koma. Lokacin sayarwa, ka haɗa jiki da gilasai ka sayar a dunƙule, saboda lens ɗin mataccen mahaɗi shi kaɗai yana wuyar samun mai saye. Kafin ka miƙa ta, ka cire memorinka ka riƙe, ka mayar da saitin kyamarar yadda ya fito daga masana'anta, ka goge haɗinta da wayarka. Hotunan matan mutane amana ce a wuyanka, kuma dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar kyamarar waya da makamantanta.